Hanyar da Mbah a Moute ya share, da inda ta tsaya

A ƙarshen watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke sa mutum ya rasa inda zai sa kansa, na raka ɗan yayata wani filin ƙwallon kwando da ke bayan wata makarantar sakandare. Sai la'asar sakaliya ake iya taka simintin wurin, kafin nan ko da takalmi ƙona ƙafa yake yi. Kwando ɗaya ne mai amfani, ɗayan ƙarfensa ya lanƙwashe yana kallon ƙasa. Yara sun kai ashirin, ƙwallo ɗaya tal, ita ma ta sha faci. Yaron namu shekararsa 16, amma sai ya sunkuya yake shiga ƙofar zaure. Da suka zauna shan ruwa na tambaye su 'yan Kamaru nawa suka sani a gasar NBA ta Amurka. Kafin in rufe baki sun ce Embiid, sun ce Siakam. Na ce to wa ya gano su? Aka yi tsit. Can wani ya ce, "Kawu, ai Turawa ne suka zo suka ɗauke su."

Ba Bature ba ne. Ɗan ƙasar nan ne, Luc Mbah a Moute, wanda aka haifa a Yawunde ranar 9 ga Satumba 1986, ya yi kaka 12 yana wasa a NBA, ya ajiye takalmi bayan 2020. Rashin sanin sunansa a bakin yaran nan ya dame ni, domin rayuwar wasansa ta fi ta Embiid abin koyi ga yaro irin namu. Embiid baiwa ce da ba ta zuwa sai jifa-jifa. Mbah a Moute kuwa mutum ne da ya gane abin da kasuwa ke nema, ya riƙe shi da hannu biyu.

Ya fito daga gidan sarauta a ƙauyen Bia Messe, kusa da Bafia, kuma mahaifinsa Camille Mouté à Bidias ya daɗe yana shugabantar hukumar samar da aikin yi ta ƙasa. A riƙe wannan, zan dawo kansa. A 2003 yana cikin matasan da suka halarci sansanin horo na farko da NBA ta shirya wa 'yan Afirka a Johannesburg, wanda daga baya aka san shi da Basketball Without Borders. Daga nan ya samu gurbi a makarantar Montverde da ke Florida, sai jami'ar UCLA a Los Angeles a 2005, ƙarƙashin koci Ben Howland, mutumin da ba ya haɗa tsaron gida da komai. Shekara uku ya yi a can, kuma duk ukun ƙungiyar ta shiga sahun huɗun ƙarshe a gasar jami'o'in Amurka. Masu bin wasan har yau suna tuna karonsu da Gonzaga a 2006: an ba UCLA ratar maki 17, suka biyo a hankali, saura daƙiƙoƙi a tashi Mbah a Moute ya jefa ƙwallon da ta sa su gaba, ya kuma faɗa ƙasa ya ƙwace wadda abokan karawa suka taso da ita. Aka tashi 73 da 71. A wasan ƙarshe na shekarar Florida ta doke su, kuma tauraron Florida a lokacin shi ne Joakim Noah, jikan Zacharie Noah na Yawunde. Jinin Kamaru ne a gefen nan da gefen can.

A nan ne abin da nake son bayyanawa ya fara. A zaɓen sabbin 'yan wasa na 2008, abokan wasansa biyu na UCLA sun tafi da wuri: Russell Westbrook na 4, Kevin Love na 5. Shi sai a na 37 Milwaukee Bucks ta ɗauke shi. Wanda bai san tsarin ba zai ce ai duk an ɗauka. Da bambanci mai yawa. Ƙungiyoyi 30 ne a NBA, kowacce da 'yan wasa wajen 15, wato kujeru kimanin 450 ga duniya baki ɗaya. Kowace shekara ana zaɓen sabbi wajen 60 a zagaye biyu. Na zagayen farko tsarin gasar ya tanadar musu kwantiragi mai tabbas. Na zagaye na biyu kuwa sai yadda suka daidaita da ƙungiya, kuma da yawansu ba sa wuce shekara biyu ko uku, wasu ma ko wasa ɗaya ba sa bugawa. Mutumin da aka ɗauka na 37, wanda jifarsa daga nesa ba ta da kyau, wanda a duk rayuwar wasansa maki shida da ɗoriya yake ci a kowane wasa idan aka raba, ta yaya ya yi kaka 12, ya buga wasa kusan 700?

Amsar tana cikin yadda ake ƙirga wasan. A ƙwallon ƙafa ana iya minti 90 a tashi ɗaya da nema. A ƙwallon kwando kowace ƙungiya tana kai hari wajen sau ɗari a wasa guda, kuma daƙiƙa 24 kacal take da su ta yi jifa. Galibin hare-haren nan ta hannun mutum ɗaya ko biyu suke bi, taurarin da ake biya maƙudan kuɗi. Idan kana da wanda zai liƙe wa tauraron nan kamar ƙaska, ya hana shi karɓar ƙwallo inda yake so, ya tilasta masa jifa daga inda ba ya so, ya sa ya ɓarar da biyar ko shida daga cikin waɗanda ya saba ci, to ka rage wa abokan karawa maki goma ko fiye. Wannan goman ba a rubuta ta a gaban sunan kowa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Amma koci yana gani, kuma koci ne ke raba mintoci.

Tsawon Mbah a Moute mita 2.03 ne, ga dogayen hannaye, ga ƙafa mai sauri ta wanda ya taso yana buga tamaula. Wannan haɗin ya sa yana iya tsare gajere mai gudu yau, gobe ya tsare ƙato mai ƙarfi. A Milwaukee koci Scott Skiles bai ɓata lokaci ba: duk wanda ya fi haɗari a ɗaya gefen, LeBron James ne, Kobe Bryant ne, Dirk Nowitzki ne, shi ake turawa. Ku yi tunanin aikin. Kowane dare ana haɗa ka da wanda ya fi kowa iyawa a duniya, ka san ko ka yi iya yinka zai ci 25, nasararka ita ce bai ci 35 ba. Gari ya waye jaridu su buga hotonsa, naka babu. Irin wannan aiki sai mai haƙuri, kuma ni a nan nake ganin girman mutumin.

Akwai kuma lissafin kuɗi. NBA tana da rufin albashi, iyakar abin da ƙungiya za ta kashe kan 'yan wasa, wanda idan ta haura shi da yawa sai ta biya haraji mai nauyi. Taurari biyu ko uku sukan cinye fiye da rabin kason. Sauran kujerun dole a cika su da mutanen da ba su da tsada, ba sa neman a ba su ƙwallo, kuma suna toshe ɓarakar da taurari ke bari. Mbah a Moute ya dace da wannan gurbi kamar an auna shi. A Disamba 2011 Denver ta yi masa tayin kusan dalar Amurka miliyan 19 na shekara huɗu, Milwaukee ta ce ba za ta sake shi ba, ta biya daidai wannan kuɗin.

Sai dai wanda ya dace da kowace ƙungiya shi ne kuma ya fi sauƙin musanyawa. A 2013 aka tura shi Sacramento, kafin shekarar ta ƙare aka miƙa shi Minnesota, a 2014 ya tsinci kansa a Philadelphia cikin cinikin da ya kai tsohon abokinsa Kevin Love Cleveland. A 2015 Sacramento ta sake ɗaukarsa, sannan ta soke kwantiragin bisa cewa bai tsallake gwajin lafiya ba. Makonni kaɗan bayan haka ya buga wasan baje koli na farko da NBA ta yi a Afirka, a Johannesburg, sannan Los Angeles Clippers ta ɗauke shi, ya shiga cikin biyar ɗin da ake fara wasa da su a can har kaka biyu.

A daidai wannan lokaci wasan kansa ya sauya fuska. Golden State da Stephen Curry sun nuna wa kowa cewa jifa mai maki uku ita ce riba, sai ƙungiyoyi suka daina lamuntar ɗan wasan da ba ya iya ta. Dalilin a fili yake: idan an san ba za ka ci daga nesa ba, mai tsaronka zai bar ka ya je ya taya tsare tauraronku, kun zama huɗu a gaban biyar. Masu tsaro da yawa irinsa a nan aka sallame su. Shi kuwa ya koma ya koyi jifa daga kusurwa yana dab da shekara 30, lokacin da galibin mutane hannunsu ya riga ya saba da abin da ya saba. A kakar 2016 zuwa 2017 ya ci kusan kashi 39 cikin 100 na jifarsa mai maki uku. Ba yawa yake jefawa ba, amma ya isa a ji tsoron barinsa shi kaɗai.

Kakar da ta fi kowacce ita ce ta Houston Rockets, 2017 zuwa 2018, tare da James Harden da Chris Paul. Ƙungiyar ta gina tsaronta ne musamman don Golden State: duk lokacin da abokan karawa suka yi wa mai tsaro shinge da jiki, sai a musanya, kowa ya karɓi wanda ya faɗo gabansa. Wannan ba ya yiwuwa sai da mutane irin Mbah a Moute, P.J. Tucker da Trevor Ariza, waɗanda ba su da wanda za a ce ya fi ƙarfinsu. Ranar 22 ga Nuwamba 2017, a karawa da Denver, cikin minti 26 da ya yi a fili Houston ta fi abokan karawarta da maki 57. Sun ci wasa 65 cikin 82 a kakar, fiye da kowa. Na kalli da yawa daga cikinsu, mu uku ko huɗu a shagon wani abokina, daga ƙarfe biyu na dare har a kusa kiran assalatu, da shayi da bargo lokacin hunturu.

Ana saura ƙiris a shiga wasannin neman kofi, a watan Afrilu 2018, kafaɗarsa ta goce a karawa da Lakers, karo na biyu a kakar. Ya dawo, amma hannun bai koma daidai ba, ko ƙwallon da ke bakin kwando sai ta ƙi shiga. Da aka haɗu da Golden State a wasan ƙarshe na yankin Yamma, aikin da aka ɗauko shi dominsa ke nan, ya ƙare a benci. A jerin wasanni bakwai da ake yi, Houston ta yi gaba da ci uku da biyu, Chris Paul ya ji rauni a cinya, a wasa na bakwai suka ɓarar da jifa mai maki uku 27 a jere, aka fitar da su. Ba zan ce da kafaɗar nan lafiya take da sun ɗauki kofi ba, Allah kaɗai ya san wannan. Amma abin ya tsaya mini a rai. Bayan haka gwiwa ta hana shi sakat a Clippers, wasa huɗu kawai ya buga a kakar da ta biyo, ya ɗan sake leƙa Houston a 2020, shi ke nan. Daga baya ya koma wakilcin 'yan wasa.

Tun yana tsakiyar wasa yakan dawo gida lokacin hutu ya shirya sansanin horo ga matasa. A na 2011 ya ga wani dogon yaro ɗan Yawunde da bai daɗe da barin ƙwallon raga ba, Joel Embiid. Ya shawo kan iyayen yaron, ya nema masa gurbi a Montverde, makarantar da shi kansa ya yi. A 2014 aka ɗauki Embiid na 3, suka haɗu a Philadelphia, kuma a shekarar ce ƙanen Embiid ya rasu a haɗarin mota a gida, ya zamana akwai babban yaya a kusa da shi. A 2023 Embiid ya zama gwarzon ɗan wasan NBA. Pascal Siakam na Duwala, wanda ke karatu a makarantar horar da limaman coci a Bafia, shi ma ta wannan sansani ya bi, ya wuce Basketball Without Borders a 2012, Toronto ta ɗauke shi na 27 a 2016, ya ɗaga kofi a 2019. Kafin Mbah a Moute ɗan Kamaru ɗaya ne ya taɓa shiga NBA, Ruben Boumtje-Boumtje. Bayansa ga Christian Koloko, ga Yves Missi, ga Ulrich Chomche.

Yanzu a sake duba sunayen nan, a duba garuruwansu. Yawunde, Duwala, Edea, Bafang. Ba Garwa, ba Marwa, ba Ngaundare, ba Kuseri. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar shanu a arewa, ko ya je Yagwa ya ga samarin Masa da Tupuri, ya san ba tsawo muka rasa ba.

Na sha jin ana cewa al'adarmu ce ba ta son wasa, ko iyaye Musulmi ba za su bar ɗansu ba. Ban yarda wannan ne tushen ba. Hakeem Olajuwon na Legas yana azumi ya zama gwarzon watan Fabrairu na 1995 a NBA, kuma ba ɗan ƙwallon da mutanenmu za su fi jin daɗin labarinsa kamar shi. Hujjar da ta fi ƙarfi ma tana nan cikin garinmu. Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Coton Sport, da kamfanin auduga na Sodecoton ke ɗaukar nauyinta, ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 2008, inda Al Ahly ta Masar ta doke ta. Daga cikinta Vincent Aboubakar ya fito, wanda ya ci ƙwallon da ta ba Kamaru kofin Afirka a 2017, ya kuma ci Brazil a 2022. Har yaran kudu irin su Zambo Anguissa sun hau zuwa Garwa don su samu hanya. Inda aka kafa fili da koci da albashi da gasa, arewa ta fitar da gwanaye, iyaye kuma suka sa albarka.

Abin da ya raba mu da ƙwallon kwando ya fi kama da wannan. Na farko, gidajen da taurarin nan suka fito. Mahaifin Mbah a Moute babban jami'in gwamnati ne, na Embiid kanar ne na soja, na Siakam ya taɓa riƙe muƙamin magajin garin Makenene. Ban faɗi haka don in rage musu komai ba, gumi suka zubar. Amma hanyar zuwa NBA ta makaranta take bi, makarantar sakandare a Amurka sannan jami'a, kuma tana neman yaro mai takardun karatu a jere, mai fasfo, mai iyayen da za su iya zama da baƙo su fahimci abin da ake sa musu hannu a kai, su kuma bambance mai gaskiya da dillalin da zai karɓi kuɗi ya ɓace. Na biyu, nisa. Yaron Yawunde tasi zai shiga ya je sansani. Namu sai ya yi fiye da kilomita 250 a mota zuwa Ngaundare, ya kwana cikin jirgin ƙasa fiye da kilomita 600, ya nemi masauki, kuma sai in ya ji labarin sansanin tun farko. Na Marwa ya ƙara wasu 200 a kai. Ofishin jakadancin da ke ba da biza ma a can yake.

Na uku shi ne wanda ba a cika faɗa ba, takardar haihuwa. A wannan sana'a shekaru su ne jari. Ɗan shekara 16 mai mita biyu dukiya ce, ɗan 20 mai irin tsawon an riga an wuce shi, don haka ba mai saka kuɗinsa a kan yaron da ba a tabbatar da ranar haihuwarsa ba. A yankunanmu uku na arewa yara da yawa a gida aka haife su, ba a kai sunansu ofishin magajin gari cikin wa'adi ba, kuma idan wa'adin ya wuce sai ta kotu. Malaman firamare sun san wannan ciwo, duk shekara akwai waɗanda ke kaiwa ajin ƙarshe a rasa takardar da za su zauna jarrabawa da ita. Yaron da bai zauna wannan jarrabawa ba, ina shi ina Montverde?

Akwai abin da za a iya faɗa a kan tsarin sansani shi kansa. Rariya ce, tana tace biyu ko uku ta fitar da su waje, sauran su koma gida da riga da hoto. Wanda aka fitar ma ba lallai amfaninsa ya dawo wa tutar ƙasa ba. Mbah a Moute ya sa rigar Kamaru a gasar Afirka ta 2007 a Angola, suka kai wasan ƙarshe suka dawo da azurfa. Embiid kuwa Amurka ya zaɓa, ya ci zinare da ita a Paris a 2024, abin da ya ɓata wa mutane da yawa rai a nan. Duk da haka ba na ɗora wa Mbah a Moute laifin abin da bai kai gare shi ba. Ɗan wasa ɗaya da hutun wata biyu ba zai gina gasar makarantu a jihohi goma ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Aikin hukumar wasan ne da ma'aikatar ilimi da kamfanonin da ke cin riba a arewa, kuma fili na siminti da kwando biyu bai kai kuɗin ciyawar filin ƙwallon ƙafa na Roumdé Adjia da ke Garwa ba.

Yayata tana da gaskiya da take ce wa ɗanta wasa ba sana'a ba ne. Kujera 450 ga duniya duka, ba mai hankalin da zai jingina rayuwar yaro a kansu. Abin da na ce mata shi ne, Alfred Aboya, ɗan Kamarun da ya yi UCLA tare da Mbah a Moute, bai taɓa buga NBA ba, amma ya fito da digiri, ya yi wasa a ƙasashen waje, ya dawo ya horar da 'yan wasan ƙasa. Ta ce, "To ka fara samo masa takardar tukuna."

Yaron a ƙauye aka haife shi, takardar da yake karatu da ita an rubuta shekarar ba daidai ba. Mun kai maganar kotu da shaidu biyu da katin rigakafinsa na jarirai, wanda kakarsa ta adana cikin kwalla shekara 16. An ɗaga zaman sau biyu, yanzu an ba mu wata rana bayan damina. Yaran filin kuma sun yi karo-karo, dala ashirin ashirin, wato sefa ɗari-ɗari, suka kira mai walda ya miƙe musu ɗaya kwandon. Da na koma ranar Juma'a na tarar suna wasa a cikakken fili, biyar da biyar, kuma ɗan yayata ne ya ce a bar masa wanda ya fi kowa ci.